Akwatin 'Yar Sabon Gari

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Tsakanin Fagge da Sabon Gari kuwa ba wata nisa, mai ƙafa ya kan isa tun gumi bai keto masa ba. Akwai waɗansu tsofaffin mata biyu a Kano da su ka riƙe wannan hanya fiye da shekara hamsin. Ɗaya Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, yara na ce mata Mama. Ɗayar Hajiya ce, a Fagge aka yanke mata cibiya. Ran Lahadi, in Mama ta taso daga coci, sai jikanta ya sa ta a a-daidaita-sahu ya kawo ta gidan Hajiya. A shimfiɗa tabarma, a kawo fura, sa'an nan a buɗe hirar makaranta.

Unguwannin nan biyu duk a bayan ganuwa su ke. Fagge tun zamanin ayari masaukin Buzaye ne da fatake. Sabon Gari kuwa sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 aka yanka shi domin baƙi mutanen Kudu, akawuna da ma'aikatan reluwe. Saboda haka da yaran nan biyu su ka shiga makarantar 'yan mata ta kwana cikin 1962, 'yan birni ba su bambanta su ba, duka biyu 'yan waje su ke ce musu. Abin da ya fara haɗa su ke nan. Ko da ya ke tun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano, har a lokacin nan uban da ya bar 'yarsa ta wuce firamare sai ya toshe kunnensa daga surutun dangi.

Kullum hirar da daɗi ta kan fara. Su tuna wake mai ƙwari, da ƙararrawar asuba cikin hunturu, da dutsen guga na gawayi wanda ya ƙone wa Hajiya rigar makaranta. Su tuna yadda su ke ɓoye fitilar ƙwai ƙarƙashin bargo suna haddar lissafi, domin a zamanin nan shekarar makaranta daga Janairu ta ke farawa, babbar jarrabawa kuwa sai ƙarshen shekara. 'Yan aji biyar sun yi ta tara sule-sule, aka sayo musu atamfa iri ɗaya a Kantin Kwari, wai za su ɗinka su sa ran bikin sallama. Da hira ta kawo kan atamfar nan sai dariya ta ɗauke, gama shekarar 1966 ce.

Ran 15 ga Janairu aka kashe Sardauna Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Cikin Mayu aka yi tarzoma a garuruwan Arewa, cikin Yuli soja su ka sake juyin mulki. Duk da haka 'yan mata na zaune aji ɗaya, suna cin kwano ɗaya, sai dai an daina waɗansu irin wasanni na baki. Ran Asabar 1 ga Oktoba an sallame su gida hutun murnar 'yancin kai. A ran nan ne waɗansu soja su ka yi bore, aka fara kisa daga filin jirgin sama, ya bazu har tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari.

Cikin dare yarinyar nan ta tsallako Fagge ba ko takalmi. Uban Hajiya tela ne, shi ke yi wa ubanta ɗinki. Da ya ga ko wace ce, bai tambaye ta kome ba, sai ya ce wa maiɗakinsa, "Ga 'yarki nan, shigar da ita ƙurya." Aka ɗaura mata zane, aka ba ta mayafi, aka ƙunsa mata lalle. Hausarta kuwa ta Kanawa ce, ba mai jin bakinta ya ce baƙuwa ce. Kwana huɗu ta yi a gidan kafin a gano inda iyayenta su ke, aka kai ta ta shiga jirgin masu gudu zuwa Gabas. Wanta guda ba a sake ganinsa ba har yau.

To, a nan ne tsofaffin nan su ke saɓa wa juna. Mama ta kan ce, "Hajiya, ai kin rako ni har zaure, ina ganin hawayenki." Hajiya ta kan girgiza kai ta ce, "Ƙawata, kada ki yi mini ado da abin da ban yi ba. Bayan madafa na laɓe, tsoro ya hana ni fitowa. Ko sai wata rana ban ce miki ba." An yi shekaru ana wannan gardama, ba wadda ta saki nata. Ita Mama alherin gidan ne ya cika mata ido har ta ke ganin kowa a zauren. Ita Hajiya kuwa 'yar tafiyar nan da ba ta yi ba, daga madafa zuwa ƙofar gida, ita ce ta tsaya mata a rai.

Aka koma makaranta, aka yi jarrabawa tsakanin kujeru da babu kowa a kansu. Bikin sallama bai yiwu ba, kowace ta ɗaure kayanta ta kama hanya. Ƙarƙashin gadon 'yar Sabon Gari akwai akwatin ƙarfe shuɗi da kwaɗo a jikinsa. Hajiya ta haɗa da nata ta kai gida. Da aka yi mata aure ya bi ta ɗakin miji cikin kayan jere. Uwar miji ta tambaya, ta ce ajiya ce. Aka fara yaƙin basasa cikin Yuli 1967, aka ce mata mai akwati ai da wuya ta ke da rai, a fasa a ba mabukata. Ta ce sai in ta ji daga bakin wanda ya ga kabarinta.

Yaƙi ya ƙare cikin Janairu 1970. Mutanen Gabas su ka soma komowa, waɗansu su ka tarar maƙwabta sun tsare musu gidaje, har da kuɗin haya a ƙulle. Shekara na zagayowa sai ga sallama a ƙofar gida, wata ramammiya da ɗan ƙunshi a hannu. Makulli ya daɗe da ɓata, aka kira maƙeri ya ɓalle kwaɗon. Ga littattafai, ga rigunan makaranta, ga atamfar nan a naɗe, almakashi bai taɓa ta ba. Mama ta ce ran nan ne ta fara yin kukan wanta.

Ba ta sake zama aji ba. Rumfa ta kama a kasuwar Sabon Gari, da ita ta ilmantar da 'ya'yanta. Hajiya ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Atamfar kuwa sai ran bikin 'yar farin Hajiya Mama ta ɗinka ta, ta zauna cikin iyayen amarya.

In la'asar ta yi sanyi Mama ta kan yi haramar tafiya. Hajiya ta jawo sandarta, ga ciwon gwiwa, jikoki na cewa ta zauna su za su yi rakiya. Ba ta ko sauraronsu. Sai ta taka har bakin titi, ta tsaya, har a-daidaita-sahu ya sha kwana ya nufi Sabon Gari, sa'an nan ta ce, "Allah ya kai ki lafiya," ta juyo gida.