Motar Wa Kike Shiga?

Uwargida, na san tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ke ma kuɗin mota ya fara cin na cefanenki. Shi ya sa nake son mu ɗan tattauna kan manhajojin nan na waya da ake haɗa tafiya da su.

Iri biyu ne. Akwai irin su Uber, wadda ta shigo Legas a 2014, da Bolt: ki kira direba ya zo har ƙofar gida, haya ce zalla. Akwai kuma irin BlaBlaCar da aka kafa a Faransa a 2006, inda mai mota dama tafiyarsa zai yi, sai ya sanar cewa yana da gurbin mutum uku, a yi karo-karon kuɗin mai. Wannan na biyun ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, rage hanya ne, sai dai a da maƙwabcin da kika san uwarsa da ubansa ne ke rage miki, yanzu kuwa hoto ne da taurari biyar.

Ni dai ina shiga, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta fi mini tsayuwa bakin titi da goyo ina tare mota. A titi ba ki san kowa ba. 'Yan "wan cans" na Abuja ma har mace sukan zaunar a baya a matsayin fasinja don hankalinki ya kwanta, saboda haka ganin mayafi a mota ba shi ne aminci ba. A manhaja kuwa akwai sunan direba da lambar mota. To amma sai kin duba! Kafin ki buɗe ƙofa ki gwada lambar da ke wayarki da ta jikin motar, ki dubi fuskarsa. In sun saɓa, kada ki ji kunyar cewa a'a, kunyar nan ita ke cutar mu mata. Ki zauna a baya, ki tura wa maigida ko 'yar'uwarki bayanin tafiyar, yana ganin inda kuke har ki sauka.

Inda na ja layi shi ne yara. Ban yarda in ɗora 'yata budurwa ita kaɗai a motar wanda ban sani ba, komai yawan taurarinsa; taurarin nan fasinjojin da suka gabata ne suka ba shi, manya masu iya buɗe baki.

Kai yara makaranta sai muka haɗa namu, mu iyaye mata huɗu a layinmu, a zauren WhatsApp. Kowacce da ranarta, wadda ba ta da mota ta sa kuɗin mai. Ranar Juma'a ce kawai har yau muke ja-in-ja a kanta, don ana tashi da wuri kuma duk muna kan tukunya.