Littattafan Pacesetters: Gadon Da Muka Ci Babu Shafin Ƙarshe

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan magana gaskiya ce a wajen manomi da ɗan kasuwa, amma akwai wata irin tunawa wadda ba ruwanta da ɗacin bana, sai dai kurum mutum ya girma, ya waiwaya ya hango abin da ya ɗauka da zafi a zamanin ƙuruciya, dariya ta kama shi. Irin wannan tunawa ce nake so mu yi yau tare da masu karatu, musamman waɗanda suka taɓa ɓoye wani ɗan ƙaramin littafi a tsakiyar littafin lissafi, malam yana ta fama da allo, su kuwa hankalinsu yana can Ikko, watau Legas, inda ake tseren mota da 'yan fasa-ƙwauri. Littattafan da nake nufi su ne waɗanda ake kira Pacesetters.

Ga wanda bai riske su ba, waɗannan littattafai ne na ƙagaggun labarai cikin sauƙaƙan Turanci, waɗanda kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a shekarar 1977 domin samari da 'yan matan Afirka. Kafin a daina ƙara sababbi, sun kai kimanin 130, kuma marubutansu sun fito daga ƙasashe irin su Nijeriya da Gana da Kenya da Botswana. Cikin waɗanda suka fara fitowa a shekarar farko akwai Director! na Agbo Areo, da The Smugglers na Kalu Okpi, da The Undesirable Element na Mohammed Sule. Daga baya aka sami Evbu My Love na Helen Ovbiagele da Mark of the Cobra na Valentine Alily a 1980, sa'an nan The Black Temple na Mohmed Tukur Garba a 1981. Har Buchi Emecheta, wadda sunanta ya riga ya kewaye duniya, sai da ta ba da nata, Naira Power, a 1982. Kowannensu ɗan siriri ne, yana shiga aljihun wando, kuma mai himma yakan gama shi a dare ɗaya.

To, mu da muka shiga sakandare a Potiskum a farkon shekarun 2000, ba mu ne aka rubuta wa waɗannan littattafai ba. Yayyenmu da kawunnanmu aka rubuta wa, mu gado muka ci. Kafin littafi ya iso hannunmu ya girme mu nesa ba kusa ba. In ka buɗe bangonsa sai ka tarar da sunaye biyar ko shida a jere, kowane mai shi ya soke sunan na gabansa ya rubuta nasa, har da gargaɗin cewa duk wanda ya sace Allah Ya isa. Na can sama kuwa sau da yawa za ka ga ya rubuta Potiskum, Jihar Barno, domin a lokacin da ya mallaki littafin ba a ƙirƙiro Jihar Yobe ba, sai a ranar 27 ga Agusta, 1991. Garinmu yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, gari ne na kasuwar shanu da manyan motocin dakon kaya, saboda haka duk abin da ya shigo Kano ba ya daɗewa bai iso mu ba. Ta wannan hanya littattafan suka zo, a akwatin ɗan makaranta ko a jakar wani malami, suka zauna suka tsufa a cikinmu.

Babbar alamar wannan tsufa ita ce rashin shafin ƙarshe. Da wuya ka sami wanda yake cikakke. Wani gara ta ci, wani ruwan damina ya jiƙa, wani kuwa an ƙunshe ƙosai da shi tun muna goye. Sai ka raba dare kana karatu, an kai inda mugu ya ɗaga bindiga, ka juya shafi ka tarar da bango. Wannan ya sa kowane aji yana da nasa gwanin, wanda yake rantsuwa cewa shi ya taɓa karanta cikakken a gidan kawunsa a Kaduna. Shi ake kewayewa bayan sallar isha'i ya ƙarasa labari, a biya shi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Namu gwanin ba ya ƙarasa labari sau biyu iri ɗaya. In ranar an ƙosar da shi, sai saurayi da budurwa su yi aure su tafi Ingila, in kuwa ladan ya yi kaɗan, sai ya kashe kowa da kowa a haɗarin mota. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nasa bai taɓa ƙurewa ba, da yake babu mai shafin da zai ƙaryata shi.

Aron littafin ma yana da dokokinsa waɗanda ba a rubuce suke ba, amma sun fi dokar makaranta ƙarfi. Kwana ɗaya ake ba mutum, ko da tocila zai karanta a ƙarƙashin bargo. Wanda ya ƙara kwana an cire shi daga layi har ƙarshen zango. 'Yan manyan aji suna da ikon tsallake layi, kamar yadda suke yi a wajen rabon abinci. In kuwa tsautsayi ya sa malam ya kama, to sai haƙuri, domin zai karɓe yana faɗa cewa wannan shi ne abin da yake lalata tarbiyya. Sai dai akwai wani malami da muka sani wanda in ya ƙwace yau, jibi yakan kira mai littafin gefe ya tambaye shi a hankali ko akwai wanda yake da sauran shafukan.

Wani abin dariya kuma shi ne yadda duniyar cikin littattafan ta riga ta wuce, mu kuwa muna karanta ta kamar labarin yau. Za ka ji an kwatanta wani hamshaƙin attajiri wanda gari duka yake tsoro, in aka zo faɗin dukiyarsa sai ka ji 'yan dubban nairori da mota Fijo 504. Mu da muka saba ganin dillalin shanu yana ƙirga fiye da haka a tsaye a bakin kara, sai mu yi ta mamakin wannan irin attajiri. Abin da yaro ba zai gane ba shi ne, a shekarar 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta wuce kimanin kwabo 55 ba. Haka nan za ka ga masoya sun rabu shekara da shekaru saboda wasiƙa ɗaya ta ɓace a gidan waya, alhali a lokacinmu wayar salula ta riga ta shigo ƙasar tun 2001. Ga kuma Jack Ebony, ɗan leƙen asirin nan na Mark of the Cobra wanda aka ƙera a kan siffar James Bond. Saboda shi samari da yawa suka riƙa ɗaga kwalar riga suna tafiya suna waige-waige a hanyar zuwa rijiya, ga bokiti a hannu. Wasiƙun soyayya kuwa ba a magana. Wani abokinmu ya kwashe jimla sukutum daga littafi ya aika wa wata yarinya, bai lura ba har da sunan budurwar cikin labarin ya kwafe. Amsar da ta aiko masa ita ce, ita ma ta karanta littafin, kuma nata yana da shafin ƙarshe.

Wanda ya sake ɗaukar ɗaya daga cikinsu bayan ya girma, lalle zai ga abin da idon yaro bai gani ba. Yawancin labaran hanya ɗaya suke bi: mugu ya yi ta cin karensa babu babbaka har kusa da ƙarshe, sa'an nan dubunsa ta cika cikin shafi biyu. Yarinyar da ta yi kwaɗayi ita ce take kwasar hukunci mafi tsanani, mai kuɗin da ya ruɗe ta kuwa sau da yawa nasa ba ya kai nata. Babu mai cewa sun kai littattafan Chinua Achebe ko na Abubakar Imam zurfi. Amma fa ba domin zurfi muka so su ba, kuma ba a nan amfaninsu yake ba.

Amfaninsu shi ne, su ne suka fara sa yaro ya karanta littafin Turanci daga farko har ƙarshe ba tare da bulala ko jarrabawa a bayansa ba. Ƙamus ɗin da malam ya yi ta fama mu buɗe muka ƙi, da kanmu muka riƙa buɗe shi domin mu san abin da saurayi ya ce wa budurwa. Bugu da ƙari, mutanen cikinsu irinmu ne. A cikin The Undesirable Element sunayen Bintu da Faruk muka tarar, sunayen da ake kira a unguwarmu kullum. Marubucinsa, Mohammed Sule, Bakano ne, an haife shi a 1957, watau yana da shekara 20 kacal littafin ya fito, kuma tun yana ɗalibin sakandare ya rubuta shi. Daga baya ya ƙara da The Delinquent da The Infamous Act, ya rasu a 2007. Yaron da ya ji cewa ɗalibi ɗan'uwansa daga Kano ya rubuta littafin da ake karantawa har Nairobi, ba zai sake ɗaukar rubutu a matsayin aikin Turawa ko na mutanen Kudu kaɗai ba. Da yawa daga cikin waɗanda suke cin abinci da alƙalami a yau, ta wannan ƙofa suka shigo.

Me ya tsayar da su? Babban dalili shi ne tattalin arziki. Da yawa daga cikinsu a Hong Kong ake buga su a shigo da su. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsada, littafin nishaɗi ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta, kamfanonin ɗab'i kuma suka karkata ga littattafan manhaja waɗanda cinikinsu tabbas ne. A daidai wannan lokaci ne littattafan Hausa na Kano suka taso, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Su ma mun karanta su a hannun masu bayar da haya, kuma sun yi nasu aikin. Sai dai Pacesetters ba su sami magaji ba, tsofaffin ne suka ci gaba da yawo har suka ƙare.

A garinmu kuwa akwai abin da ya fi tsada muni. A ranar 6 ga Yuli, 2013 aka kai hari makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo aka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai, har gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare na wani lokaci. A ranar 10 ga Nuwamba, 2014 kuma bam ya tashi a wajen taron safe na makarantar kimiyya ta Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ƙannenmu da suka yi karatu a waɗannan shekaru, neman tsira da rai ne a gabansu. A ganina a nan ne igiyar aron nan ta hannu zuwa hannu ta ƙarasa tsinkewa. Alhamdu lillahi zaman lafiya ya samu, an gyara azuzuwa an kewaye makarantu, amma littafin da yaro zai karanta domin jin daɗi kawai ba ya cikin lissafin kowa.

Wani zai ce ai karatu bai mutu ba, waya ya koma. Gaskiya ne, ana rubuta labaran Hausa masu yawa ana rarraba su ta WhatsApp da Facebook, kuma suna da ɗimbin masu bi. Amma yawancinsu domin manya ake rubuta su, wasu ma uba ba zai so ɗiyarsa ta gani ba, kana makarantun kwana ba sa barin ɗalibi ya riƙe waya. Saboda haka yaro ɗan shekara 12 zuwa 17 shi ne aka bari a tsakiya: ya wuce tatsuniya, bai kai ga littafin manya ba, ba shi da komai sai littafin jarrabawa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai ɗanɗani daɗin karatu a wannan tsakani ba, da wuya ya same shi bayan ya yi iyali.

Maganin abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ita ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Babu abin da zai hana ma'aikatun ilmi na jihohinmu, ko attajiranmu masu jerin motoci, su sa irin wannan gasa domin labaran matasa zalla, da Hausa da Turanci, a buga su ƙanana masu araha, a zuba su a makarantu. A ba yaran labarin kasuwar shanu da tashar mota da ɗakin kwanan ɗalibai, da soyayya mai tsabta da ɗan leƙen asirin da ya san hanyar Gashuwa.

Kafin a kai ga haka, ina roƙon duk wanda yake da ragowar waɗannan littattafai a ƙasan akwatin ƙarfe ya kakkaɓe su ya miƙa wa ƙaninsa ko ɗansa, ko da babu shafin ƙarshe, yaran za su san yadda za su yi da shi. Allah Ya jiƙan Mohammed Sule da sauran marubutan da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba na baya ikon ɗorawa daga inda suka tsaya, amin.