Sahun Asuba Bayan Sallah

 Da Malam ya ce kowa ya kawo abin da za a sa a littafin makaranta na bana, na so in rubuta falalar azumi kamar yadda aka saba. Sai na ga gara in faɗi abin da ya same ni bayan azumin, ko da akwai kunya a ciki, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Azumin bana na shekara ta 1446 ya zo a watan Maris na 2025, kuma kowa ya san zafin Malanbil a wannan lokaci. Duk da haka ban taɓa jin ƙarfin ibada irin na bana ba. Kullum ina karanta izu biyu, ɗaya bayan asuba ɗaya bayan la'asar, har na sauke izu sittin kafin a ga wata. A goman ƙarshe ban rasa tahajjudi ko sau ɗaya ba. Masallacin unguwarmu kuwa ya cika ya batse, sai an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Dandawa, Hausawa, Zabarmawa, Fulani, da direbobin manyan motoci baƙi, kowa kafaɗa da kafaɗa. Daren ashirin da bakwai na yi kuka, na ɗaukar wa Allah alkawari cewa haka zan zauna har ƙarshen raina.

Alkawarin nan bai kai kwana goma ba.

Kun san tun bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Mutane da kayansu suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. Kawuna yana cikin masu tuƙi, kuma da yake muna hutun Sallah, ya ce in zo in kama masa ɗaukar kaya in sami na sabulu. Aikin bakin ruwa ba ya da lokaci. Da ka sauke buhu wani ya kira ka, da jirgi ya cika kun tashi. Rana ta farko na yi azahar a kan lokaci. Ta biyu na haɗa ta da la'asar. Ta uku na dawo gida a gajiye, na ɗauki waya wai in huta kaɗan, ban ajiye ta ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare.

Abin da ya tashe ni da safe, zafin rana ne a fuskata. Ina buɗe ido na ga Inna tana shara, har ta gama dama koko. Ta dube ni ta ce, "Sau uku na tashe ka, kana cewa to." Ba ta ƙara komai ba. Wallahi da duka na ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni da nake tashin ƙarfe uku don tahajjudi, yau ga ni ina alwalar asuba kaji suna kiwo a tsakar gida. Abin da ya fi muni, washegari na sake, kuma ban ji zafinsa kamar na farko ba. Nan ne na tsorata.

Ranar da na samu na tashi, na tafi masallaci. Na ƙirga mu: mu tara ne har da liman. Tabarmin da aka shimfiɗa a waje an naɗe su an jingine a lungu. Baba ladan, wanda gwiwa ke damunsa, shi ya buɗe ƙofa, shi ya share, shi ya kira sallah. Da aka sallame ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ashe kana gari? Na ɗauka kai ma ka bi watan kun tafi tare." Mutane suka yi dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Da muka koma makaranta na sami Malam shi kaɗai na gaya masa komai. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya tambaye ni abin da na yi alkawari, na lissafa masa. Ya ce, "Ka ɗauki kayan raƙumi ka ɗora wa jaki." Ya tuna mini hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ma'anarsa ita ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai, ko ba shi da yawa. Ya ce in koma babin ramuwar sallah a Ahalari, wanda muka wuce tun muna ƙanana, in tabbata babu bashin farilla a kaina kafin in yi zancen nafila. Sannan ya yi mini lissafi a kan allo. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu rubu'i 4, ke nan rubu'i 240. Wanda ya riƙe rubu'i ɗaya kullum zai sauke cikin wata 8, tun kafin wani azumin ya zagayo. Rubu'i ɗaya kuwa bai kai lokacin da nake ɓatawa ina jiran jirgi ya cika ba.

Game da sitta Shawwal ma ya yi mana bayani a aji. Hadisin yana cikin Muslim, kuma lissafinsa a fili yake: kowane aikin alheri ninki goma, kwana 30 su ba da 300, kwana 6 su ba da 60, shekara ta cika. Ya ce Imamu Malik ya ji tsoron kada mutane su liƙa su da Ramadan su ɗauka farilla ne, don haka ba dole a jera su ba, ana iya rarrabawa cikin watan. Na yi huɗu, watan ya ƙare ban cika ba. Ba zan ce na yi shida ba alhali ban yi ba. Inna kuwa ta rama nata na Ramadan a cikin wannan zafin na Afrilu, tana tsaye gaban murhu, babu wanda ya sani sai mu na gida. Mu maza muna ganin ibada sai wadda aka yi a sahu da lasifika.

Kawu ma ya ba ni nasa darasin ba tare da ya buɗe littafi ba. Wata rana muna tsakiyar kogi na saki filafili don in goge zufa. Ya daka mini tsawa ya ce ko yanzu da ruwa ya ja baya, in ka daina tuƙi ba tsayawa jirgi yake ba, gangarawa yake. Shi zancen jirginsa yake yi, ni kuwa wani abu daban na ji. Tun ranar muka yi yarjejeniya: in an kira sallah muna gaɓa, ba ma ɗaukar kaya sai mun yi. Mun rasa fasinja sau da yawa saboda haka, kuma ba zan ce babu ciwo ba, don kuɗin ana bukatarsu a gida.

Yanzu abu uku na riƙe. Asuba a jam'i, rubu'i ɗaya kafin in fita daga masallaci, waya kuma tana kwana a ɗakin Inna. Ni da wani abokina na ajinmu muka shirya, wanda ya riga tashi ya ƙwanƙwasa wa ɗan'uwansa ƙofa. Wani lokaci har yanzu ina makara, amma ba na barin ta kwana biyu a jere. Makullin masallaci ma Baba ladan ya ba ni na ranar Alhamis da Juma'a, don ya huta wa gwiwarsa. Ranar da ka san mutane za su tsaya a waje saboda kai, barci ba ya yi maka daɗi.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke cika sahun gaba a tarawihi, mu ne ake nema a asubar Shawwal da Zulƙida. Kowa ya duba masallacin unguwarsu gobe ya ƙirga. Namu jiya mu goma sha huɗu ne, kuma akwai sauran wuri.

Allah ya karɓi abin da muka yi, ya yafe mana abin da muka gaza, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya nuna mana wani azumin muna kan tafarki. Inda na yi kuskure ina roƙon malamai su gyara mini.