Sanyin Dare Ke Ba da Hanya

Asabar

Daga Jeneba bas ta bi kwarin kogin Arve har Chamonix, garin da ke gindin Mont Blanc a ƙasar Faransa, mita 1,035 sama da teku. Tsakiyar Yuni ce. A kasuwa mutane na yawo da gajeren wando suna lasar askirim, amma da ka ɗaga kai sai fari fat har inda ido ya tsaya. Ruwan kogin kamar an tsinka nono, saboda garin dutsen da ƙanƙara ke niƙawa a can sama tana zubo masa.

Abokin tafiyata ɗan Damagaram ne da ke karatu a Grenoble, shi ke yi mini tafinta. Mun tsaya gaban gunkin wasu mutum biyu, Balmat da Saussure, ɗaya na nuna wa ɗaya ƙololuwa da yatsa. Balmat ne da likita Paccard suka fara taka kan dutsen ranar 8 ga Agusta 1786. Jagororin garin kuwa sun kafa ƙungiyarsu tun 1821.

Jagoranmu dattijo ne marar yawan magana. Ya kai mu ofishin da ke kusa da coci, inda ake liƙa labarin hanyoyi da hasashen yanayi, ya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya: tsayin da sanyi ke kai digiri sifiri. Ya ce a wannan wata ita ce ke yanke shawara. In dare ya daskarar da dusar ƙanƙara, za mu hau. In bai daskarar ba, za mu sha shayi a gari.

Lahadi

Dutsen Gaillands, a bakin gari, nan ake koyon hawa da igiya. Ɗamara a ƙugu, hular kwano a ka, ƙulli ɗaya da aka sa muka yi ta maimaitawa har yatsu suka haddace. Yara 'yan firamare na ta wuce mu a jikin dutsen suna hira. Magariba ba ta yi ba sai wajen tara da rabi, isha kuma ta kusa tsakar dare.

Litinin

Ƙaramin jan jirgin ƙasa mai hawa da haƙora ya kai mu Montenvers, mita 1,913. Tun 1909 yake wannan aiki. Daga nan ake hango Mer de Glace, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa. Wanda ya zo da hoton kalanda a kansa zai yi ta nema, don abin da ke ƙasa wani kwari ne mai zurfi cike da tsakuwa da ɓaraguzai masu launin toka. Ƙanƙarar tana ƙarƙashinsu. A bangon kwarin akwai layi a fili inda bishiyoyi da ciyawa suka tsaya, ƙasa da shi dutse tsirara, wato iyakar inda ƙanƙara ta taɓa cikawa.

Lokacin da aka kafa tsohuwar motar waya mai sauke mutane cikin kwarin a 1988, 'yan matakalai kaɗan ake sauka a isa ƙanƙara. Shekara bayan shekara aka yi ta ƙari har suka haura 500, sai a 2024 aka buɗe sabuwa da ke sauke mutane can gaba. Kogon da ake haƙa wa baƙi a cikin ƙanƙarar ma kowace shekara sai an sake sabo, tunda kogin tafiya yake yi, kuma an lulluɓe samansa da fararen tamfol don rage masa rana.

A nan muka koyi tafiya da haƙoran ƙarfe ɗaure a takalmi. Ƙafa a ware don kada haƙori ya kama wando, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, gatarin ƙanƙara a hannun da ke wajen tudu. Da muka zauna cin burodi da cuku, jagora ya nuna mana wani tabo mai haske a fuskar dutsen Drus. Ginshiƙin da Walter Bonatti ya hau shi kaɗai a 1955 a wurin yake, ya rufto a 2005. Ya ce tsagogin waɗannan duwatsu ƙanƙara ce ta riƙe su tun fil'azal, in ta narke ba mai riƙo.

Talata

Yau ɗaya gefen kwarin muka bi, daga Flégère zuwa Lac Blanc, mita 2,352. Ƙasa-ƙasa furanni sun buɗe, ruwa na tsiyaya ta ko'ina, wani bunsurun dutse mai manyan ƙaho na kwance a kan hanya yana tuƙa, gashin hunturunsa na zuba curi-curi. Bai tashi ba, mu muka kewaye shi. Can gaba hanyar ta ɓace ƙarƙashin dusa, sai bin sawun waɗanda suka riga mu. Tafkin kansa bai gama narkewa ba, bakinsa kaɗai ya yi shuɗi.

Da safe dusar ta ɗauke mu sarai. A dawowa bayan azahar, wuri ɗaya, sawu ɗaya, kowane taku sai ƙafa ta nutse har gwiwa, ana jin ruwa na gudu a ƙarƙashi. Abokina ya zaro ƙafa ya bar takalmi a rami, ya ce, "Malam, wannan ai ba hanyar ɗazu ba ce." Jagora ya ce a riƙe wannan darasi zuwa jibi, inda ramin da ke ƙasa ba na gwiwa ba ne.

Laraba

Daga ƙauyen Le Tour zuwa masaukin Albert Premier, wajen mita 2,700, wanda aka sa wa sunan sarkin Beljiyam mai son hawan dutse. Akwai hanya mai sauƙi da ke ratsa gefen tudu, amma har yanzu dusa na kwance a kan gangarenta, zamewa ɗaya ta isa. Sai muka bi doron tsakuwar da ƙanƙara ta tara, miƙe sama, ba inuwa. A damanmu kogin ƙanƙara na Tour ya karye a bakin gangare, manyan ɓaraguzai masu shuɗin ciki sun jingina da juna. Lokaci-lokaci ɗaya ya faɗi, sai ƙarar ta iso bayan ƙurar ta tashi.

A masauki ana cire takalmi a ƙofa, a rataye gatari, a sa silifas ɗin roba. Miya, taliya, cuku, kowa da kowa a dogon teburi, sannan a kwanta rana ba ta gama faɗuwa ba. Kafin barci mutane suka yi ta leƙa waje. Sama tas, ba gajimare, kowa ya ji daɗi. Gajimare bargo ne, yana hana zafin yini fita, dare mai taurari shi ke ƙanƙarar da dusa.

Alhamis

Tashin masu hawa da asuba sun zo ɗaya. Na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana kaɗawa, na yi salla a lungun ɗakin takalma, muka fita da tocila a goshi. In kana da sammako wani a tafe ya kwana: can sama fitilu sun riga sun yi layi.

A bakin ƙanƙara muka ɗaure da igiya ɗaya, jagora gaba, tazara mai yawa tsakanin kowane biyu. Dalilin tazarar shi ne tsagogi. A ƙarshen bazara suna buɗe, ana ganinsu a kewaye. A Yuni dusar hunturu ta yi musu gada ta rufe, ba abin da ke nuna su sai ɗan lotsawa a farfajiyar farin. Gadar na ɗaukar mutum muddin tana daskare. Shi ya sa ba a barin igiya ta ja ƙasa, don in ɗaya ya rufta, nauyin sauran ya tare shi tun bai yi nisa ba. Duk sanda na matso, sai in ji muryar abokina daga baya: "Malam, ja da baya, igiya ta saki."

Dusar na ƙara ƙaras-ƙaras, haƙoran ƙarfe na kamawa daram. Numfashi ne ya yi tsada. A wani gangare mai tsayi jagora ya gajarta igiya, muka hau taku goma, hutu, taku goma, har mashigar da ke kan iyaka. Muka faɗa Suwizalan ba jami'i ba hatimi, sai faffadan filin ƙanƙara na Trient da rana ta fara taɓawa. Daga nan muka tsallaka tsagar da ke raba ƙanƙara da dutse, muka ajiye gatura, muka kama dutse da hannu zuwa ƙololuwar Aiguille du Tour, mita 3,540 da 'yan kai. Wurin bai fi zaman mutum kaɗan ba. Ga dutsen Chardonnet dab da mu, ga na Grand Combin can gabas.

Ko dabino ban gama taunawa ba jagora ya dubi agogo ya miƙe. A saukowa dusar ta fara manne wa ƙasan takalmi tana yin dunƙule, sai an riƙa buga ta da gatari. Kusa da sawunmu na asuba mun tarar da baƙin rami, faɗin ƙafar mutum, wanda ba ya nan ɗazu. Na leƙa daga nesa ban ga ƙarshensa ba. Kafin azahar muna masauki, muna kallon wasu da suka makara suna ta nutsewa a tsakiyar fili.

Juma'a

Mun shirya hawa motar waya zuwa Aiguille du Midi, mita 3,842, mu taka ƙanƙarar can. Daren jiya iska mai ɗumi ta taso daga kudu, gajimare ya rufe, lambar nan ta digiri sifiri ta haura mita 4,000. Jagora ya aiko saƙo tun da sassafe cewa an fasa. Abokina ya so ya yi gardama, ga tikiti ga rana ta fito. Jirgin jandarmomin ceto mai saukar ungulu da ya wuce ta kanmu ne ya kashe maganar.

Muka haura cikin daji zuwa inda ake hango kogin ƙanƙara na Bossons. Jiragen saman Indiya biyu sun faɗi a saman Mont Blanc, a 1950 da 1966, kuma har yau ƙanƙarar na amayo tarkacensu a ƙasa, ƙarafa da jaridu, har da akwatin duwatsu masu daraja da wani ya tsinta a 2013.

Da yamma muka yi sallama da jagora a kan shayi. Na tambaye shi wane wata ya fi dacewa da Mont Blanc kansa. Ya ce da can Yuli da Agusta ne. Amma a Yulin 2022 zafi ya sa duwatsu suka yi ta zubowa a kwazazzabon Goûter har jagororin Chamonix da na Saint-Gervais suka dakatar da kai mutane ta babbar hanyar. Yanzu da yawansu sun jawo aikinsu zuwa farkon bazara. Ya ce in da gaske nake, in nemi gado a masaukin Goûter tun cikin hunturu, in zaɓi Yuni, in kuma bar kwanakin rara a cikin shirin, don shi bai taɓa yi wa kowa alkawarin ranar hawa ba.