Kashi ɗaya cikin biyar

Wani abokin aikina mai koyar da tarihi ne ya ara mini littafin. Da Ingilishi yake, sai da na shafe hutun damina guda ina karanta shi da ƙamus a gefe. Sunansa Landlord and Peasant in Persia, wato mai ƙasa da manomi a Farisa, ya fito a 1953. Marubuciyarsa Ann Lambton, Baturiyar Ingila, an haife ta a 1912, ta rasu a 2008, ta kuma riƙe kujerar farfesan Farisanci a jami'ar Landan daga 1953 zuwa 1979.

Masana da dama sun rubuta tarihin sarakunan Farisa da mawaƙanta. Ita kuwa ta duƙufa a kan takardun haraji da na wakafi, ta bi ƙauyuka tana tambayar manoma da harshensu. Ta bayyana tsohuwar ƙa'idar raba amfanin gona bisa abubuwa biyar: ƙasa, ruwa, iri, shanun huɗa da ƙarfin mutum. Wanda ba shi da komai sai guminsa, bisa ƙa'idar, kashi ɗaya cikin biyar ne rabonsa.

Da na iso nan sai na tuna mahaifina. Shekara da shekaru yana noma gonar aro, kowace kaka yana kai wa mai ita dammunan gero. Da mai gonar ya kwanta dama, magada suka karɓe ta, ba takarda, shaidun kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Dokar karkara ta 1993 ba ta tarar da shi a raye ba.

Sai dai ilimin Lambton bai tsaya a ƙauye ba. A 1951, da Iran ta mayar da man fetur ɗinta mallakar ƙasa, ta shawarci hukumomin Ingila da kada su sasanta da firaminista Musaddik. An hamɓarar da shi a 1953, shekarar da littafin ya fito. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: wadda ta saurari talaka haka, saninta ya zama makami a hannun ƙasarta.

Shi ya sa a bana na tura ɗalibaina gun kakanninsu, su rubuto da Hausa yadda ake aro da jingina da gadon gona a garuruwansu. Littattafan suna nan a ajinmu, kuma kowa ya mayar wa kakansa kwafi ɗaya.