Sufeton da Ba a Riƙe Sunansa Ba

Duk wanda ya zauna a silimar Kano ko Kaduna zamanin da finafinan Indiya ke tashe, lalle ya ga fuskar Jagdish Raj ko da bai riƙe sunansa ba, domin shi ne sufeton nan da kan iso da tawagarsa bayan jarumi ya gama da mugu, ya ɗaura ankwa, a watse. An haife shi a Sargodha a 1928, ya rasu a Mumbai a 2013, kundin Guinness kuwa ya ƙididdige masa fitowa 144 cikin kakin ɗan sanda. Wasu kan ɗauki haka tawaya ce; a nawa nazarin, ƙana'a ce da istiƙama, waɗanda suka yi ƙaranci tsakanin ma'abota sana'ar fim.