Injin Markaɗen Mahaifiyata da Tsohon Kwantak

Ni Bayarabiya ce daga Ibadan, kuma a unguwar Sabo na fara jin Hausa. Kuɗin makarantata kaf daga injin markaɗen mahaifiyata yake fitowa. Ranar da injin ya ƙi tashi, ranar babu ciniki, mata su kwashe tattasai da wakensu su yi gaba.

Injin namu tsoho ne mai kwantak. Ga yadda yake aiki: maganaɗisu na jikin ƙarfen da ke juyawa yana wucewa ta gaban kwayil, lantarki ya taru. Da zarar bakin kwantak ya buɗe, sai wuta mai ƙarfin dubban bolt ta tafi fulogi ta kunna fetur. Amma bakin nan yana buɗewa yana rufewa sau dubbai a minti guda, don haka yana cinyewa, da damina kuma ya yi tsatsa. Tazarar bakinsa ba ta wuce rabin milimita ba. In ta goce, sai a yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage.

Mahaifina ne likitan injin. Duk bayan 'yan makonni sai ya kwance shi, ya goge kwantak da sanfefa, ya daidaita tazara. Wata damina muka yi kwana uku babu aiki, ga lokacin rajista ya matso. Na tafi Sabo wurin wani dattijon bakanike na ce, "Baba, ku taimaka mana."

Ya ce, "'Yata, ai an bar wannan yayi. Tun 1982 kamfanin Briggs & Stratton ya koma kwayil na zamani. Taransisto ne a ciki yake yanke wuta, babu abin da ke gogar wani, balle ya cinye."

Da na kawo maganar gida, mahaifina ya ɓata rai. Hujjarsa ita ce kwantak in ya lalace yana gani da idonsa ya gyara da hannunsa, shi kuwa sabon kwayil a rufe yake ruf, in ya mutu sai dai a sayi wani. Gaskiya ya faɗa. Amma daga baya na gane abin da ya fi damunsa: aikin da aka san shi da shi a gidan ne zai ƙare.

Mahaifiyata ce ta raba gardama, tunda ita ke asara. Aka sa sabon kwayil, aka cire wayar kwantak. Ja biyu injin ya tashi, na biya kuɗin rajista a kan kari.

Hausawa sun ce zamani riga ne, sun kuma ce da tsohuwar zuma ake magani. Har yau tsohon kwayil da kwantak suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gadon mahaifina, an shafe su da mai. Ni kuwa ban taɓa ce masa ya zubar ba.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.